Waiwaye: Yadda Saudiyya ta ware karatun 'ya'ya mata

Masu kwatanta manufofin ilimi na ƙasashe sun saba auna wariyar jinsi da yawan 'yan matan da ke aji da makin da suke ci. A Saudiyya wannan ma'auni yana yaudara. A jarrabawar PISA ta 2018, wadda ke auna ɗalibai 'yan shekara 15 na ƙasashe daban-daban, 'yan mata sun zarce maza da maki 54 a fannin karatu, alhali matsakaicin tazarar a ƙasashen OECD, ƙungiyar da ke shirya jarrabawar, 30 ne. Wariyar ta daɗe tana ɓoye ne a hannun wanda ke riƙe da makarantar.

A 1960 aka kafa hukumar ilimin 'ya'ya mata, aka damƙa ta ga malaman addini, ba ga Ma'aikatar Ilimi ba. Da haka aka lallashi masu adawa, duk da sai da aka tura dakaru garin Buraida a 1963 kafin makarantar mata ta zauna.  Kundin manufar ilimi na 1970 bai ɓoye komai ba: a tarbiyyantar da yarinya ta zama uwa da matar gida, a shirya ta ga aikin da ya dace da "ɗabi'arta", kamar koyarwa da jinya da likitanci.

Hukuma biyu, kasafi biyu, gine-gine iri biyu. A wancan lokacin makarantun mata da yawa gidajen haya ne, tagogi da ƙarafa, ƙofa a kulle, mabuɗi a hannun mai gadi namiji. Hausawan Makka ba su manta da 11 ga Maris 2002 ba, ranar da gobara ta tashi a makarantar mata mai lamba 31, ɗalibai 15 suka rasu, galibi a turmutsutsun tsani. Jaridun ƙasar sun zargi 'yan hisba da hana ceto, gwamnati ta musanta, amma cikin 'yan kwanaki aka narkar da hukumar cikin ma'aikatar.

Sauran gyare-gyaren sun zo a hankali: Nura al-Fayiz ta zama mataimakiyar ministan ilimi a 2009, an amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na mata a 2017, malamai mata suka fara koyar da ƙananan yara maza a 2019.

Ga iyalan Hausawa da ke Makka da Jidda akwai wani shingen da alƙaluman ba sa nunawa: yarinyar da iyayenta ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ta daɗe tana shan wahalar samun rajista tun farko, don haka ba ta cikin waɗanda aka ƙirga.