Ruwan sha a tankin tirelar kwana: tambayoyin masu fita daji daga Bauchi

Tirelar kwana, wato ɗakin da mota ke ja mai gado da famfo da tankin ruwa, ba ta yawaita a wajenmu ba tukuna. Amma ma'aikatan hanya da masu zagayen duba marasa lafiya a ƙauyuka da masu zuwa hutu Yankari dukkansu da ruwansu suke tafiya, a tanki ko a jarkoki, kuma ƙa'idar ɗaya ce.

A ina ya fi dacewa in cika tanki?

A gida, kafin ka tashi, daga inda ka saba sha. Ruwan famfon cikin garin Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, na Gombe kuma daga Dadin Kowa, an tace shi an sa masa kulorin. Burtsatse mai zurfi da aka rufe bakinsa da siminti shi ma ya yi. In ɗan ga-ruwa ne zai kawo maka, tambaye shi inda ya ɗebo, ka leƙa cikin jarkokinsa. Ruwan kogi da na tafki sai dole ta kama. Kada hasken ruwa ya ruɗe ka: na maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari kana ganin yashin ƙasansa tas, amma jama'a na wanka a ciki, birai na yawo a bakinsa.

Ruwan da na zuba mai kyau ne, to me ya sa yake wari bayan kwana biyu?

Tankin ne. Nan ne aka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna, domin mutum zai wahala ya nemo ruwa mai tsabta ya juye shi cikin tankin da ya shekara ba a wanke ba. Sa yatsa ta bakinsa ka shafo bangon ciki. Wannan santsin da ka ji, nan ƙwayoyin cuta ke zaune, kuma ɗauraya kaɗai ba ta fitar da shi.

Ka samo bilic irin su Jik ko Hypo, marar ƙamshi, wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa, wato ƙarfin kulorin da ke cikinsa. Ga tanki mai lita 100, auna mililita 150, ka dama a bokitin ruwa tukuna, sannan ka juye, ka cika tankin. Buɗe kowane famfo har ka ji warin bilic na fitowa, ka rufe, domin bututun ciki ma su jiƙa. Bar shi awa 4. Daga nan ka zubar duka, nesa da shuka da wurin shan dabbobi, ka cika da ruwa mai kyau ka sake zubarwa har warin ya lafa. Wannan ruwan wanki ne, ba a sha. Kuma kada ka haɗa bilic da sinadarin wanke banɗaki, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

A yi haka ga sabon tanki, da wanda ya daɗe a ajiye, da duk lokacin da ruwa ya canja wari.

Tiyo fa, ko wane ne ya yi?

A'a. Ka ware tiyo guda na ruwan sha kaɗai, ban da na wankin mota ko ban-ruwan lambu. Kafin ka sa shi a tanki, bar ruwa ya gudana ta cikinsa na ɗan lokaci, don wanda ya kwana a ciki ya fita. In ka gama, tsiyaye shi, ka toshe bakunansa biyu, kada su taɓa ƙasa.

In ban yarda da ruwan ba, bilic nawa zan zuba don sha?

Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, mililita 5, a lita 100 na ruwa mai haske. A jira minti 30. Ya kamata ka ji ɗan warin kulorin kaɗan. In babu ko alama, ƙara rabin cokali ka sake jira. Ga jarka, magungunan tsabtace ruwa irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs sun fi sauƙin awo, sai a bi abin da aka rubuta a jiki. Da damina, lokacin da kwalara ke yawan ɓulla, ni shawarata a sa ko da ruwan famfo ne, domin bututu kan fashe a cikin kwata.

Ruwan da ya gurɓace da laka yana cinye ƙarfin kulorin. Sa masa alif a baho ya kwanta, tace na saman da ƙyalle mai tsabta, sannan ka sa magani. Na jarirai da marasa lafiya kuwa a tafasa, ya yi minti 1 yana ɓararraka.

Ke nan kulorin na gyara kowane ruwa?

Ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire guba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ta gama aikin ruwan sha har abada, ko sau nawa aka wanke ta. Haka ruwan rijiyoyin wasu sassan Kaltungo mai yawan sinadarin fuloraid da ke rina haƙoran yara, bilic ba ya rage shi, tafasawa ma ba ta rage shi.

Ina da matatar ruwa, a ina zan ɗaura ta?

A bakin famfon da kake sha. Matata mai gawayi tana tsotse kulorin, in ka sa ta kafin tanki, ruwan zai zauna a ciki babu abin da ke tsare shi.

Kwana nawa ruwan zai yi?

Zafi na korar kulorin, ga shi a watan Maris da Afrilu rana kan kai kusan digiri 40 a nan. Ajiye tirelar a inuwa, murfin tanki a rufe, ka riƙa shinshina ruwan kowace safiya. In an dawo gida a zubar da ragowar gaba ɗaya. Ka kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce: tanki mai lita 200 nauyin buhun masara biyu ne a kan tayoyinka, sai ka duba iskarsu kafin ka kama hanyar Alkaleri.