Waiwaye: Tsibirin Lete, daga takardar kwamandan Gaya zuwa hukuncin Kotun Duniya

A Yamai, duk lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Nijar da Benin, hirar mutane kan tsaya kan gadar Gaya da Malanville da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Kwatano. Amma rigimar da ta fi daɗewa tsakanin ƙasashen biyu a tsakiyar kogin Isa (kogin Neja) take, wato a tsibirin Lete da ke arewa maso yammacin Gaya, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 40. Fadama ce mai ciyawar burgu, inda Fulani ke kai shanu idan ruwa ya janye, Dandawa su yi noma, masunta kuma su kafa bukkokinsu a bakin gaɓa.

Turawan Faransa, da yake su ke mulkin gaɓar nan da waccan, ba su damu da shata iyaka a fili ba. A shekarar 1914 ne jami'in da ke riƙe da yankin Gaya, Sadoux, ya rubuta takarda yana cewa a ɗauki babbar hanyar ruwa da jirage ke bi a matsayin iyaka, abin da ya bar Lete a hannun Gaya, kuma can ne aka yi ta biyan lampon mutanen tsibirin shekara da shekaru. A 1954 wata wasiƙa daga ofishin gwamnan Nijar ta zo da magana mai karo da wannan, ita ce kuma Dahome, wadda ta koma Benin daga baya, ta riƙe a matsayin hujja.

Tun kafin a sauke tutar Faransa jini ya zuba, domin a watan Yuni na 1960 an kai wa Fulanin tsibirin hari da dare, aka kashe wasu, aka ƙona rugage. A ƙarshen 1963, bayan kifar da gwamnatin Hubert Maga a Dahome, lamarin ya ƙazanta: gwamnatin Diori Hamani ta Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, ita kuma Dahome ta toshe hanyar kayan Nijar. Taron Yamusukuro na 1965 ya kwantar da ƙura ta hanyar barin mutanen ɓangarorin biyu su ci gaba da zama a tsibirin, sai dai bai faɗi na wane ne ba, kuma hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1994 ita ma ba ta iya raba gardamar ba.

A watan Yuni na 2001, zamanin Tandja Mamadou na Nijar da Mathieu Kérékou na Benin, aka amince a kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, wadda ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli, 2005. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9, sannan a ɓangaren kogin Mekrou, wani sashen iyakar da shi ma ake gardama a kansa, kotun ta goyi bayan Benin. Abin lura a ganina shi ne, alƙalan sun fi ba da ƙarfi ga wanda a zahiri ya gudanar da mulkin tsibirin tsakanin 1914 da 1954, kuma ƙasashen biyu sun cancanci yabo da suka karɓi hukuncin ba tare da tayar da jijiyar wuya ba.

Hukuncin bai canza rayuwar mutanen bakin kogi ba, waɗanda ke aure da cin kasuwa a tsallaken juna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe gadar Gaya, ƴan kwale-kwale ne suka koma tsallakar da fasinja da buhunan hatsi, tsadar kuɗin fito da kasadar ruwa kuwa suka faɗa kan talakawan garuruwan nan.