Waiwaye: tun yaushe ƙiftawar wuta ta fara kashe na'ura?

Ana ta ja-in-ja kan na'urorin da ke mutuwa murus bayan wuta ta ƙifta, irin su rawutar intanet da mitar lantarki da kyamarar tsaro. Wasu sun ɗora laifin kan sabunta manhaja, wasu sun ce kayan yanzu ne ba su da ƙwari. Injiniyoyi ma suna nasu musun: ma'aunin wutar da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya isa, ko sai an sa masa ɗan aisi, wato ƙaramin guntun lantarki, mai sa-ido daga waje? Matsalar dai ta girmi yawancin masu musun.

Farkon labarin sananne ne. Bayan fitowar furosesan Intel 4004 a 1971, an daɗe ana tada furosesa da rizisto ɗaya da kafasita ɗaya: wuta ta zo, rizisto ya rage mata gudu, kafasita mai tara caji ya ɗan jima kafin ya cika, sannan aiki ya tashi daga layin farko na shirin manhaja. A 1981 kwamfutar IBM PC ta zo da wayar da ke riƙe furosesa har wuta ta daidaita. Raunin dabarar kafasita shi ne, in wuta ta yi ƙasa ba ta ɗauke ba, kafasitan na nan a cike, babu mai cewa a sake farawa. Sai furosesa ya ci gaba da lissafi kamar mai magagin barci.

Amma ba a damu sosai ba, domin shirin yana cikin ma'adanar da ake kira ROM, wadda ba ta rubutuwa. In na'ura ta rikice, a kashe a kunna, shi ke nan.

Inda aka yi kwana, kuma ba a cika ambata ba, shi ne lokacin da aka ba furosesa ikon rubutu a ma'adanar da ba ta mantuwa ko wuta ta ɗauke, irin su RAM mai batir, sai EEPROM, sai filashi da aka bayyana a 1984, ta kuma shiga ƙananan furosesa masu araha cikin shekarun 1990. Daga nan mai magagi ya samu alƙalami. Ɗauki mita tana ajiye adadin wutar da aka sha. Sai ta goge tsohon adadi kafin ta rubuta sabo, aikin na cin milisakan kaɗan (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Wuta ta faɗi ana tsaka da haka: tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba. Ko kuma furosesa ya yi tsalle cikin ruɗu ya faɗa layin da ke goge shirinsa. Kashe-kunna ba ta gyara wannan, shirmen da aka rubuta shi za a karanto gobe.

Don haka ne aisi irin TL7705 da MAX690 suka samu kasuwa. Irin waɗannan suna danne furosesa da zarar volt 5 ɗin da yake aiki da shi ya sauka wajen 4.6, ba sa saki sai wuta ta dawo ta zauna na ɗan lokaci, sau da yawa milisakan 140 zuwa 200. Wasu na leƙen wutar tun kafin ta shiga regileta mai daidaita ta, su yi gargaɗi, a ƙarasa rubutu da ragowar cajin babban kafasita. Wasu na rufe ƙofar ma'adana don kar a yi rubutu a ciki. Akwai kuma karen gadi: in furosesa ya yi shiru sakan 1.6, aisin ya sake tada shi daga farko.

Yau ratar faɗuwar wutar da furosesa ke iya jurewa ta ƙara matsewa, domin volt ɗin da yake aiki da shi ya ragu. Kashi 5 cikin ɗari na volt 5 milivolt 250 ne, na volt 1 kuwa 50 kacal. Ma'aunin cikin furosesa kuma daga wutar da ke faɗuwar yake sha, a wasu ma sai mai rubuta shirin ya tuna ya kunna shi.