Waiwaye: Sautin rediyon da ya koya wa jiragen Jamus sauka cikin hazo

A farkon shekarun 1930, in hazo ya lulluɓe Berlin, matuƙin jirgin sama galibi sai dai ya yi ta shawagi ko ya karkata zuwa wani gari. Gangarowar ƙarshe zuwa titin sauka, wadda Jamusawa ke kira Landeanflug, da ido kawai ake yin ta.

Kamfanin C. Lorenz ne ya kawo mafita, ta hannun injiniya Ernst Kramar, kuma a 1934 kamfanin jiragen sama na Lufthansa ya fara amfani da na'urar a filin jirgin Tempelhof da ke Berlin. Eriya ce ake kafawa a ƙarshen titin tana watsa sauti iri biyu: gajere a gefe ɗaya, dogo a ɗaya gefen. Matuƙi na sauraro. In ya ji gajerun ƙararraki ko dogaye, ya san ɓangaren da ya kauce. In sautukan suka haɗe suka zama ƙara ɗaya marar yankewa, to yana kan hanya. Wasu na'urori biyu, ɗaya a nisan kilomita 3, ɗaya a mita 300, su ke sanar da shi ya kusa. Ƙasashe da dama suka saya, har da Birtaniya.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Sojojin saman Jamus suka ƙara wa sautin ƙarfi, suka harba shi daga wurare biyu ya haɗu a saman garin da za a yi wa ruwan bama-bamai, suka raɗa wa tsarin suna Knickebein. Wayon shi ne, jiragen yaƙin dama suna ɗauke da rediyon sauka, wa zai zarge shi? Masanin kimiyya na Birtaniya R. V. Jones ya zarga, don rediyon ya fi ƙarfin aikin sauka kawai. A watan Yunin 1940 jirgin Birtaniya ya gano sautin ya nufi Derby, inda masana'antar injinan Rolls-Royce take. Turawan Ingila, da barkwancinsu, suka kira na'urar da suka toshe shi da ita Aspirin, wato maganin ciwon kai.

Bayan yaƙi tsarin ILS na Amurka, wato tsarin sauka da taimakon na'ura, shi ne duniya ta ɗauka: allura a gaban matuƙi maimakon ƙara a kunne, da gangara ta kusan digiri 3. Shi ma da iyakarsa, shi ya sa har yau in hazon hunturu ya yi kauri a Kano ake ɗage tashi da saukar jirage.