Waiwaye: Yadda Matsalar Sokawe Ta Haɗu Da Ta Matatar Ruwan Sha

A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi sawun cutar har zuwa famfon wata rijiya a titin Broad, da aka tona kuma sai ga ramin masai ƙasa da mita ɗaya daga rijiyar. Tun daga nan aka san cewa ruwan da gida ya zubar da wanda yake sha suna iya haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa.

Wajen 1860 wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, ya gina rufaffen tankin masai, ya yi masa rajista a 1881. Sai dai rabin aiki tanki yake yi: mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso, ruwan tsakiya ya fita da ƙwayoyin cutarsa. Ƙasa ce ke ƙarasa tacewar. A Amurka ana shimfiɗa bututu mai huji a kan tsakuwa cikin dogayen ramuka, mu nan kuwa sokawe muka fi sani. A shekarun 1920 injiniya Henry Ryon na jihar New York ya fito da gwajin tsotso: a haƙa rami, a jiƙa shi sosai, a auna saukar ruwa. In santimita 2.5 ta ɗauki fiye da awa guda, yumɓun ya yi yawa.

Ko ƙasar mai kyau ce, sannu a hankali wata baƙar yauƙi ta ƙwayoyin halitta takan lulluɓe bangon ramin. Kaɗan daga cikinta na taimaka wa tacewa, amma in ta yi kauri sai ruwa ya tsaya, wari ya tashi, bayi ya riƙa dawo da ruwa. Abin da ke gaggauta haka shi ne barin tanki ba kwasa, har laka ta tsallaka ta toshe tsakuwar. A kwashe duk shekara 3 zuwa 5, a hana maiƙon kicin da ruwan indararo shiga, kada kuma a ajiye mota a kan wurin. Tsakanin sokawe da rijiya a bar mita 30, gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5, ma'aunin damina ba na rani ba. A filotin cikin gari wannan tazara ba ta cika samuwa ba, shi ya sa jama'a suka koma ga matatar ruwan sha.

Ita ma tana da nata tarihin: Charles Chamberland ya ƙera ta tangaran a Faransa a 1884, Fernando Mazariegos ya yi ta tukunyar yumɓu a Gwatemala a 1981, irin wadda ake ƙerawa a Tamale ta Ghana. Waɗannan suna tare yawancin bakteriya, amma bairos na wucewa. Mai gawayi wari da ɗanɗano take gyarawa. Sinadarin naitiret da masai ke zuba wa rijiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade a miligiram 50 cikin lita, ba ɗayansu da ke cire shi, tafasawa ma ƙara shi take yi. Sai irin na'urar RO, mai tura ruwa da matsi ta wata siririyar fatar tacewa, ita kuma ƙaramarta ta gida takan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba da lita ɗaya. Kada a tura wannan ruwan da ta zubar cikin sokawe, a tara shi don wanki ko share tsakar gida.