Dokar kare bayanan jama'a: wa tarar miliyan 10 take hawa?

Mai shagon kwamfutar da ke yi mini kwafin takardu ya tare ni kwanakin baya da wata magana da ya ji a saƙon murya na WhatsApp, wai duk wanda aka samu da lambar NIN ta wani a na'urarsa, ko ya tura hoton mutum ba da izininsa ba, zai biya tarar naira miliyan 10 ko ya tafi gidan yari. Hankalinsa ya tashi har yana tunanin daina cike wa ɗalibai fom. Lallai akwai doka, kuma akwai miliyan 10 a cikinta, sai dai yadda ake yaɗa maganar ya yi nesa da abin da aka rubuta.

Dokar ita ce Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya (NDPC) da ke sa ido a kanta. Ta shafi duk wanda yake tattarawa, adanawa ko amfani da bayanan mutane a harkar aikinsa: bankuna, asibitoci, makarantu, kamfanonin waya, manhajojin ba da bashi, har da ƙananan shaguna irin na abokin nawa.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa riƙe bayanin wani laifi ne a karan kansa. Sashe na 3 ya ware abin da mutum yake yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai, muddin bai keta haƙƙin sirrin wani ba, don haka lambobin da ke wayarka da hotunan bikin ƙanwarka ba su ne ake nema ba. Ko a wurin sana'a ma, izini ɗaya ne kawai daga cikin dalilan da doka ta amince da su. Akwai cika yarjejeniyar da aka ƙulla da mai bayanin, akwai abin da wata doka ta wajabta, akwai ceton rai. Ɗalibin da ya kawo takardar NIN ɗinsa da hannunsa domin a cike masa fom ya ba mai shago dalilin amfani da ita don wannan aikin. Matsalar tana farawa ne bayan an gama aikin, domin doka ta ce kada a yi amfani da bayani wajen abin da ba don shi aka karɓa ba, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ake bukatarsa. Na duba fuskar kwamfutar shagon na ga hotunan fasfo da takardun NIN na mutane barkatai, wasu tun na bara, kowa ya zauna yana iya buɗewa. Kwafin da suka lalace kuwa a buhu ake tara su a sayar wa masu ƙosai, shi ya sa za ka warware ƙunshin karin kumallo ka tarar da sunan wani da ranar haihuwarsa mai ya jiƙa su. Wannan ne ya kamata ya tayar masa da hankali.

Batun tara yana sashe na 48, kuma kashi biyu aka yi shi. Ga waɗanda doka ta kira masu babban muhimmanci, wato masu sarrafa bayanan jama'a da yawa ko bayanan da suka shafi tattalin arziki da tsaron ƙasa, iyakar tarar ita ce naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan 2 ce ko kashi 2 cikin 100, shi ma duk wanda ya fi yawa. Waɗannan alkaluma iyaka ce da ba a tsallakewa, ba farashin da aka yanke wa kowane kuskure ba, kuma hukumar ba ta kai wa gare su sai bayan bincike, tare da duba girman laifin, da irin bayanan da abin ya shafa, da ko ganganci ne ko sakaci. Tana iya umartar a gyara, ko a biya wanda aka cuta diyya, kuma wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya garzaya kotu.

Ɗaurin da ake tsoratar da mutane da shi yana sashe na 49, kuma na wanda ya bijire wa umarnin hukumar ne bayan an ba shi. Shi ne kotu za ta iya cin sa tara, ko ta ɗaure shi na tsawon da bai wuce shekara ɗaya ba, ko ta haɗa masa duka biyun. Babu inda dokar ta ce ɗan sanda ya tare mutum a hanya ya bincike wayarsa saboda lambar wani.

Tarar da aka fi jin labarinta zuwa yanzu kan manya ta faɗa. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, bankin kuma ya musanta cewa ya karya doka. A watan Yulin 2025 ta ci kamfanin MultiChoice, mai DStv, tarar fiye da naira miliyan 766.

Duk da haka, jimlar nan ta "duk wanda ya fi yawa" ba ta kwanta mini ba. Shagon da yake samun naira miliyan 5 a shekara, kashi 2 cikin 100 nasa naira 100,000 ne, amma iyakar da ke kansa miliyan 2 ce, wato kashi 40 cikin 100 na abin da ya shigo masa, alhali katafaren kamfani ba zai taɓa wuce kashi 2 ba. Sannan dokar ta sassauta wa hukumomin tsaro da masu binciken laifi daga sharuɗɗa da dama, ga shi kuwa hukumomin gwamnati ne suka fi kowa riƙe bayanan talaka. 'Yan jarida da masu ilimi su ma an ba su sassauci idan maslahar jama'a ce ta sa suka wallafa, wannan kam ban ga aibunsa ba.

Abokin nawa bai rufe shago ba. Ya sanya wa kwamfutar lambar sirri, yana goge takardun kowa a gabansa da zarar an gama, kwafin da suka lalace kuma ƙona su yake yi da yamma a bayan shago. Mai ƙosan layinmu dai har yanzu tana mita, ta ce ya hana ta takarda.