Tabon ganyen gyaɗa ba alamar nuna ba ne

Jama'a, manoma da yawa in sun ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganyen gyaɗa yana kaɗewa sai su ce ai ta nuna, wallahi cuta ce. Fangas ne, wato ƙwayar cuta irin ta fumfuna, da ke kwana a ragowar ganyen bara, da damina ta kankama sai ya fara da ganyen ƙasa, wani tabon da zobe rawaya, wani baƙi. Yana iya cinye rabin amfani, harawar ma ta lalace. A daina maimaita gyaɗa a gona ɗaya, a riƙa canzawa da dawa ko masara, a fara feshin maganin fangas mai suna mancozeb wajen kwana 35 bayan shuka, duk sati 2. In nuna kake son dubawa, tuge gindi ɗaya ka fasa kwanso, in cikinsa ya yi duhu ta yi.